Kifin da Ya Mutu a Tafkin Ɗorawa

Ƙarfe bakwai na safe Sufeto Zayyad ya iso Ɗorawa daga Gagarawa. Kifi ya rufe tafkin, duk ciki sama. Mata na tsaye a gaɓa suna kuka.

Shekara ashirin tafkin yana ƙafe, masunta suka koma noma. Bara aka yashe shi, aka dasa itatuwa a gefe, aka zuba 'ya'yan kifi. Jibi za a yi su, kamun kifi na farko.

Sarkin Ruwa Ilu, dattijon da ya kai rahoto, ya kasa ɗaga kai. Matasa kuwa sun riga sun yanke hukunci.

"Cindo ne! Gonarsa ruwan ya cinye. Yau sai mun ƙone gidansa!"

Sufeto ya sa aka kawo Cindo.

"Ka je tafki jiya?"

"Ban je ba, ranka ya daɗe."

"Wannan laka ta takalminka fa?"

Cindo ya yi tsuru-tsuru. "Jakina na shayar. Tsoro ne ya sa na musa."

A cikin ciyawar gaɓa Sufeto ya tsinci kwalbar maganin feshin wake, babu komai a ciki. An ɗaure wuyanta da tsohon zaren taru. Cindo gero kaɗai yake nomawa, bai kuma taɓa riƙe taru ba.

Sufeto ya wuce gidan Sarkin Ruwa. Injin feshi na jingine a zaure, an ɗinke maratayinsa da irin zaren.

"Baba, yaushe ka yi feshi?"

"An kwana biyu."

"Ga shi har yanzu da danshi."

Tsohon ya zauna daɓas, hawaye na bin gemunsa.

"Jiya ne. Shekara ashirin ɗin nan nake wanke injina a kwarin tafkin, in ɗauraye kwalba in tafi. Ƙafata ce ta kai ni, ɗana. Kwalbar ta kuɓuce, rabinta da magani. Wallahi na manta ruwan ya rayu."

"Shi ne ka bari a ƙone gidan Cindo?"

"Kunya ce. Ni na yi ta bin ofisoshi har aka dawo mana da ruwan nan."

Abin ya taɓa Sufeto ƙwarai. Ya mayar da ankwar da ya ciro aljihu, ya kama hannun tsohon zuwa mota. Matasan da suka taru a ƙofar gida suka dare.

A bakin mota Ilu ya waiwaya.

"Ku kwashe kifin ku binne da nisa. Kada yara su ci."