Shafin Kifaye Masu Fitila

A zamanin mulkin Faransa, an yi wani yaro a lakwal ɗin Magarya, wato makarantar boko, mai son kallon hotuna. Littafin dabbobi ɗaya ne tak a ajinsu, kullum yana kan teburin malaminsu, Mushe Halilu.

Wata rana mushe ya buɗe musu shafin kifayen ƙarƙashin teku. Ya ce can ƙasa hasken rana ba ya kaiwa, duhu ne ƙirin. Amma Allah ya ba wasu kifaye haske a jikinsu. Wani fitilarsa a goshi take, tana reto kamar fatsa. Ƙananan kifaye su zo kallo, shi kuwa ya haɗiye su. Wani a gemu tasa take, wani kuma ɗige-ɗige ne a cikinsa kamar taurari.

"Gobe za mu raba su dangi-dangi," in ji mushe. "Haske kaɗai bai sa sun zama 'yan gida ɗaya ba. Sai an duba haƙora da siffar jiki."

Yaron nan, in ban da tarwaɗar tafki, bai taɓa ganin kifi ba. Abin ya shiga ransa. Da aka tashi, ya faki ido ya yage shafin, ya kai wa kakarsa Yalwa. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, tana jinjina ikon Allah. Da ta tambaye shi wa ya ba shi, sai ya sunkuyar da kai.

Washegari mushe ya buɗe littafi, babu shafi. Aka ɗora laifin a kan wani ɗan ajinsu, Gajere, don shi ke sharar aji. Mushe ya ce a kai shi wurin darakta, shugaban lakwal ɗin. Gajere ya fashe da kuka, yana rantsuwa.

Yaron nan ya dubi Gajere. Ya miƙe, ya zaro takardar daga rigarsa.

"Mushe, ni ne. Kakata na so in nuna wa."

Mushe ya dube shi ya ce, "Da ka tambaya, ai da na bar ka ka zana mata."

Ya sa shi ya liƙe shafin da ƙaro, ya ba Gajere haƙuri, ya kuma karɓi shara har ƙarshen wata. Sannan ya miƙa masa alli. Yaron ya zana kifayen a allo, kowane a cikin danginsa, har Gajere ya riƙe masa littafin.

Daga ranar ya gane cewa abin jama'a ba na mutum ɗaya ba ne. Kome kyansa, a tambaya kafin a taɓa.