Abin da Ya Hana Dawuda Cin Kifi

"An fasa! Halas, magana ta ƙare!" Alhaji Dawuda ya dangwarar da kofin shayi har ya fantsama a darduma. "Ba zan ba mai zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa 'yata ba!"

Rumasa'u ta daskare a bakin ƙofa. Saura wata guda a ɗaura mata aure da Abdulganiyyu, sojan ruwa, ɗan Hausawan unguwar Jarwal ta Makka da suka samu jinsiyyar Saudiyya tun kakanni. Wata bakwai ya yi a Bahar Maliya, ya dawo a rame. Da bakinsa ya gaya wa Alhaji cewa tun ranar da abokinsa ya faɗa ruwa a gabansa yake ganin likita.

"Abuya, ba hauka ba ne fa... damuwa ce."

"Damuwa! Mu da muka tsallako daga Sawakin ta Sudan a jirgin katako, kwana tara, wa ya ba mu likita?"

Nan kam bai yi ƙarya ba, don tare muka tsallako. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ruwan nan ya dube ni ya ƙyale ni, kuma har gobe ni kaɗai nake tashi da kifi guda. Dawuda kuwa... to, ku dai saurara.

Rumasa'u ta shiga ɗaki ta kira masoyinta a waya.

"Habibti, ki yafe mini," in ji shi. "Da na yi shiru..."

"Da ka yi shiru da ni zan fasa. Gobe ka zo cin abincin rana."

"Ai ya kore ni!"

"Ni ban kore ka ba, nurul ƙalbi. Ka zo."

Kashegari ta dafa sayadiyya, shinkafa da kifi irin ta mutanen Jidda. Tunda aka haife ta kifi bai taɓa shiga gidan nan ba. Ta dire farantin tsakanin mahaifinta da baƙon da ba a so, ta durƙusa.

Alhaji ya ja baya. "Ke! Mene ne wannan?"

"Abuya, shekara hamsin kana Makka, ga Jidda nan kusa, ba ka taɓa komawa ba. Ba ka cin kifi. Ban taɓa tambaya ba... yau ina tambaya."

Ba ta tashi daga durƙuson ba. Wallahi na ga maza a duniya, ban ga mai zuciyar yarinyar nan ba!

Abdulganiyyu ya sunkuyar da kai, ya ce wa Alhaji, "Ammi, a jirginmu bayan la'asar zama muke yi da'ira. Likita ba ya cewa komai, sai dai ya ce, faɗi sunan wanda ka rasa. Wata uku na kasa. Ran da na ce Sabi'u, ranar abinci ya fara shiga cikina."

Alhaji ya kalli farantin.

"Umaru," ya ce a hankali. "Ƙanena... shekararsa goma sha ɗaya. Zazzaɓi ya kashe shi a kwana na shida. Da hannuna na saka shi a ruwa, ina gani kifaye suka..."

Kuka ya ƙwace masa. Ina cikin jirgin ranar, kuma tun daga nan ban sake jin sunan nan a bakinsa ba.

Sojan ya matso ya riƙe masa hannu. Rumasa'u ta janye farantin tana hawaye.

"Ka yafe mini, Abuya..."

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. Ya juya ga saurayin. "Wannan likitan naku... yana duba tsofaffi?"

An ɗaura aure ranar da aka sa. Da hutun ango ya ƙare, Alhaji ya ce da shi za a yi rakiya Jidda. A bakin teku ya cire takalmi, ya taka har ruwa ya taɓa idon sawunsa, Rumasa'u na riƙe da hannunsa.

"Assalamu alaika, Umaru," ya ce. "Na daɗe ban zo ba."