Wanda Ya Miƙa Mabuɗin

Duwatsun sun fara sauka kan kwano ne da magariba, Inna na alwala. Ta ɗaga kai, ba ta ga kowa ba. Daga ɗakin Auta kuwa sai wata dariya mai kauri, wadda ba ta 'yarta ba.

Auta da yayanta manhajar kwamfuta suke haɗa wa wani asibiti. Inna ba ta yi boko ba, amma Auta ta taɓa yi mata bayani: manhajar ba ta buɗe rumbun bayanan marasa lafiya da kanta, daga waje ake miƙa mata mabuɗi, ta karɓa ba tambaya. Yayan ne ke riƙe da wajen miƙawar.

"To wannan ai sakarci ne," in ji Inna a lokacin.

Tun daga wannan magaribar, duk sa'ad da Auta ta zauna gaban kwamfuta sai ta sandare, idanu su juye. Yayan ya ce gajiya ce, ta huta, shi zai ƙarasa aikin. Inna ta sa masa albarka.

Da abin ya ƙi, ta aika aka kira malam. Ya zauna bakin tabarma yana karatu, har Auta ta buɗe baki da muryar tsoho.

"Ya isa, malam, kana ƙona ni!"

"Ta ina ka shigo?"

"Ban fasa ƙofa ba. Miƙa ni aka yi, a zoben da yayanta ya ba ta. Ta karɓa har da godiya."

"Me aka sa ka?"

"In hana ta duba wajen miƙa mabuɗi. Ya sauya shi. Sirrin marasa lafiya a rumbunsa yake zuba, yana sayarwa, sunanta kuma ke kan aikin. Ni ma alkawarin saki ya yi mini, ya saɓa. Ka kwance ni in tafi."

Malam ya zare zoben. Auta ta yi atishawa, ta kwanta lamo, ta ce, "Inna, ruwa."

Inna ba ta kawo ruwan ba tukuna. Ta juya ga yayan Auta, ɗan da ta goya a bayanta, yana tsaye bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, ki saurare ni..."

Ta miƙa hannu. "Mabuɗin gidana."