Ruwan Sabulu a Ramin Ayaba

Ana gab da kiran magariba Saudatu ta durƙusa gaban murhu za ta ɗora sanwar tuwo, sai itace ya ƙi kama wuta. Ta ƙara ƙirare, ta hura, ta sake hurawa, ba abin da ke tashi sai farin hayaƙi mai yaji. Da ta zaro guda ta duba, ta ji shi sharkaf, ruwa yana bin hannunta har gwiwa. Itacen nan kuwa ya daɗe yana shan rana a jikin katanga, kuma tsakiyar bazara ake, ko ɗigon ruwan sama bai taɓa ƙasar Gombe ba.

Ta juya wajen autarta, wadda ke kwashe shanya. "Zulaihatu, ke kika watsa wa itacen nan ruwa?"

"Ni ko kusa da shi ban je ba, Inna."

Ba ta rufe baki ba wani abu ya faɗo kan rufin kwano, tim. Suka ɗaga kai. Wani ya sake faɗowa, ya mirgino, ya fashe a gaban Saudatu. Curin laka ne, ɗanye, yana ƙamshin sabulu.

A shekarar da naira ta maye gurbin fam ne Bawa, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya gina wannan gida a ƙarshen Bolari, inda gari ya tsaya gonakin auduga suka fara. Ɗaki biyu ne da rufin kwano, da banɗakin siminti wanda Saudatu ke alfahari da shi. Abu ɗaya ya dame ta: ruwan wanka da na wanki yakan kwanta a ƙofar gida, ya yi kore, sauro ya taru. Maƙwabciyarta Edna, wadda ake kira Maman Jesse, 'yar Kaltungo, matar wani malamin makaranta, ita ta kawo dabara. Gidan Edna kamar lambu yake, ga gwanda, ga rama, ga zogale, ba ta zubar da ko bawon ƙwai.

"Maman Zulai, ruwan nan da kike kuka da shi abinci ne," in ji ta. "A ja masa hanya zuwa bayan gida, a haƙa rami, a zuba duwatsu da gawayi, a dasa ayaba kewaye. Sauro ya rasa wurin zama, ke kuma ki ci ayaba."

Haka aka yi. A kusurwar baya, da aka fara haƙa, sai aka ci karo da wani falalen dutse. Bawa ya ɗaga shi da ƙyar, aka ga rami a ƙarƙashinsa, baƙi, bakinsa sumul kamar an shafe da hannu. Aka zuba bokiti guda, ya shanye ba ko ƙara. Kowa ya yi murna, an huta da haƙa. Tun daga ranar duk ruwan gidan can yake tafiya, har da na garin sabulun nan na kwali da ya shigo kantuna, mai kumfa da zafi a hannu. Zulaihatu ce ke juye na wanki kowace yamma. Ayaba ta kama, ganyenta ya yi faɗi har yana leƙa gidan Edna.

Ranar da aka fara jifa Bawa ya zagaya bayan katanga da sanda, yana zaton yaran unguwa ne. Bai ga kowa ba, bai ga sawun kowa ba. Washegari da magariba aka sake. Rana ta uku ma haka.

Sai gidan ya fara jiƙewa. Tabarmar da aka naɗe a bushe, a warware ta tana ɗiga. Gishiri ya narke a cikin kwalba. Garin dawa ya yi fumfuna. Tufafin aikin Bawa da aka goge aka rataye, da safe sai an matse su. A waje rana tana ƙona ƙafa, a cikin ɗaki bango yana gumi. Kuma da zarar rana ta sunkuya, tsuntsaye suka yi shiru, sai a fara jin tari daga wajen ayaba. Tari ne na wanda ya shaƙi ruwa, daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, a bayansa kuma wani siririn kuka kamar na ƙaramin yaro da ya gaji da kukan.

Suka daina cin tuwo a tsakar gida. Suka daina magana da ƙarfi.

Idanun Zulaihatu suka fara ja. Ta ce yaji take ji, kamar an watsa mata sabulu. Aka kai ta asibiti, aka ba da maganin ɗigawa, ba a ga sauƙi ba. Hawayenta in ya sauko kumatu sai ya yi kumfa. Ta fara laluben ƙofa. Wata safiya ta tambayi uwarta ko gari ya waye, alhali rana tana dukan fuskarta.

Da yammacin ranar Saudatu ta fito daga ɗaki ta tarar ba ta kan tabarma. Tana can gindin ayaba a tsugune, da ƙwarya a hannu, tana kwasar iska daga bakin ramin tana watsawa baya, kamar mai kwarfe ruwa daga ɗakin da ya cika. Ba ta sauri, ba ta tsayawa.

"Zulaihatu," in ji Saudatu. "Taso mana, 'yar nan."

Yarinyar ba ta juyo ba. Muryar da ta amsa ta tsohuwa ce, tana gurgura kamar daga cikin tulu. "Ba ta nan. In kin gama wankin, ki zo ki taya ni."

Ihun Saudatu ne ya kawo Edna, ko ɗankwali babu. Su biyu suka kasa ɗaga yarinyar da ko buhun gero ba ta kai nauyi ba. Edna ta durƙusa a gefe tana addu'a da harshensu, hawaye na zuba, har duhu ya rufa, jikin Zulaihatu ya saki da kansa.

Bawa bai je aiki ba washegari. Ya shiga cikin gari ya ɗauko Modibbo Bamanga, wani dattijon malami siriri, mai ƙarancin magana, wanda aka sani da irin wannan aiki. Bayan la'asar suka iso. Modibbo ya tsaya a tsakar gida ya shaƙi iska, ya taɓa bango ya dubi tafinsa. Ya bi magudanar ruwan a hankali har gindin ayaba, ya daɗe yana kallon falalen dutsen da aka jingine.

"Da kuka ɗaga wannan, kun yi sallama? Kun yi bisimilla?"

Bawa ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, murna ce ta ɗebe mu."

Modibbo ya shimfiɗa buzunsa, ya sa aka zaunar da Zulaihatu a gabansa. Ya dubi iyayen da Edna, wadda ta ƙi tafiya gida. "Duk abin da kuka ji, kada wanda ya amsa. Ni kaɗai zan yi magana."

Ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Ruwa ya fara tsattsafowa daga gashin yarinyar, ya bi wuyanta, ya jiƙa buzun. Sai ta yi tari, irin tarin nan na ƙarƙashin ƙasa, ta ɗago kai, idanunta farare fat.

"Ya isa, ɗan Fulani. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Joda. Ina nan tun kafin a sare dajin nan. Da suka zo suka yi gini, ban ce komai ba. Hayaƙinsu, surutunsu, duk na haƙura. Sai suka cire mini ƙofa suka mai da ɗakina kwata."

"Ba su san da ke ba."

"Ruwan wanka na jure. Amma wannan farin garin..." Muryar ta karye. "Jikana yana barci a bakin ƙofa. Wannan yarinya ta juye masa a fuska. Tun ranar bai buɗe ido ba. Ido biyu aka ɓata mana, ido biyu zan tafi da su."

"Ba ki da iko a kansu. Wanda ya halicce ki shi ya ba ta su. Ki sake ta, ko in ci gaba da karatu."

"Ci gaba. Kafin in ƙone zan tsiyaye su."

Zulaihatu ta ƙwalla ƙara da muryarta ta gaskiya, ta dafe fuska. "Inna! Inna, idona!"

Saudatu ba ta san sanda ta zube a ƙasa ba. "Ki ɗauki nawa! Ni na sa ta, ni na sayi sabulun. Ki ɗauki nawa ki bar mini ita!"

"Yi shiru!" Modibbo ya daka mata tsawa, karo na farko da ya ɗaga murya. Amma tuni farin idon nan ya juya wajen Saudatu, ya tsaya a kanta. Ruwa ya ci gaba da ɗiga daga bakin buzu.

Modibbo ya share gumi. Da ya sake magana, a tausashe ya yi. "Joda, idon mutum ba zai buɗe na jikanki ba. Magani kike so ko ramuwa?"

"Hannunmu ba ya iya taɓa wannan abu. Yana cin mu."

"To hannun mutum zai wanke. In an wanke, za ki saki yarinyar, ki kwashe naki ki bar gidan nan. Ki rantse da wanda ya halicce ki."

"Na rantse zan saki yarinyar. Uwar ta wanke."

Edna ta ruga gida ta kawo madarar akuyarta mai ɗumi. Modibbo ya tofa addu'a a cikinta, da cikin tulun ruwan rijiya, ya miƙa wa Saudatu farin ƙyalle. "Ki yi bisimilla. Kada ki leƙa. Kome kika taɓa, kada ki fizge hannu."

Rana ta kusa faɗuwa. Saudatu ta kwanta rub da ciki a gindin ayaba, ta kawar da fuska, ta zura hannu cikin ramin har kafaɗa. Sanyi ya kama ta kamar ta tsoma shi a randa. Ta laluba, ba komai, sai laka. Sannan wani abu ya matso da kansa ya kwanta a tafinta.

Kumatu ne. Ƙanana, masu sanyi, suna rawa. Ta ji ɗan hanci, ta ji numfashi a wuyan hannunta, ta ji gashin ido a manne da busasshiyar kumfa. Duk jikinta ya ce ta gudu. Ta cije leɓe har ta ji jini. Ta fito da hannun, ta tsoma ƙyallen a madara, ta mayar, ta fara gogewa daga gefen hanci zuwa waje, a hankali, yadda ta yi wa 'ya'yanta duka sanda suke ciwon ido. Ba ta san tana yi ba, sai ta ji bakinta yana cewa, "Yi haƙuri, ɗan nan. Saura kaɗan." Wasu 'yan yatsu suka riƙe babban yatsanta, suka ƙanƙame.

Ta goge da madara, ta ɗauraye da ruwa, har tulun ya ƙare. A ƙarƙashin yatsanta ta ji fatar ido ɗaya ta motsa, ta buɗe. Ɗayan ta yi ta shafawa, bai motsa ba.

"Na dama ya buɗe," in ji muryar tsohuwar daga bayanta. "Na hagu ya mutu. Yarinyar taku ce, na sake ta. Abin da uwar ta faɗa kuma, na ji."

"Joda!" in ji Modibbo. Amma Zulaihatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a kan buzu. Ganyen ayaba ya kaɗa ba iska, wani abu ya bi ta kan katanga ya nufi gonakin auduga. Daga masallacin unguwa aka ɗaga kiran salla.

Da yarinyar ta farfaɗo ta dubi ubanta, ta ce, "Baba, me ya sa kake kuka?" Bawa sai hamdala yake yi.

A zaure Modibbo ya tsaya ya dubi Saudatu, ya daɗe. "Na yi iyakar abin da zan iya, 'yata. Maganar da ta riga ta fita ba ni da ikon mayar da ita. Ki riƙe addu'a."

Aka tuge ayabar, aka mayar da dutsen, aka juya magudana wani gefen. Bango ya bushe. Ba a sake jin tari ba.

Bayan an yi ruwan farko, wata yamma Edna ta shigo da irin kuɓewa, Saudatu ta tashi zuba mata kunu. Ta karkata jug ɗin, kunun ya zuba a kan tabarma, gefen kofi. Edna ta dube ta. Ta ɗaga hannu a hankali ta kaɗa shi ta hagun fuskar ƙawarta. Saudatu ba ta ƙifta ba.

"Maman Zulai... tun yaushe?"

"Tun washegarin ranar." Ta ci gaba da goge tabarma. "Maigida ya sani. Zulaihatu ce ba na so ta sani, Maman Jesse. Za ta ce saboda ita ne."

Edna ta rufe baki da gefen zane.

Daga ƙofar gida Zulaihatu ta ƙwala kira, muryarta cike da murna. "Inna! Fito ki gani, wata ya tsaya! Siriri kamar zare, ni na fara hango shi!"

Saudatu ta share hannu ta fita. Ta tsaya a gefen 'yarta, ta juya fuskarta gaba ɗaya wajen da yatsan ke nunawa, ta yi ta nema har ta same shi.

"Na gan shi," in ji ta. "Kai, idonki da kaifi yake."