Tabon Farce Uku

Ranar Litinin aka kira Insfekta Melitón Ccori zuwa ɗan gidan tarihin garinmu. Wata mai bincike daga Lima, babban birnin ƙasa, ta ɗaga tukunyar girkin kakanni, mai zanen macizai a wuya, wadda ta haura shekara dubu, ta ce wannan kam ko shekara guda ba ta yi ba. An musanya ta.

Shugaban gidan, Abelardo Luján, ya nuna maigadi, Baba Saturnino, wai shi ke riƙe da makulli. Tsohon ya tsaya da hula a hannu. Shekara ashirin da shida yana goge gilashin nan, yau ga shi a bakin gidan yari. Abin tausayi.

Ccori mutum ne mai sanyin jiki, har haushi yake ba mutane. Ya yi ta jujjuya tukunyar kamar zai saya. Macizai sun fita tsaf. Amma a ƙarƙashin kunnenta ya ga tabon farce uku a jere.

Uwarsa maginiyar tukwane ce. Ya san matan ƙauyen magina na kan dutse wuta ɗaya suke haɗawa su gasa tukwanensu, kowacce da alamarta don kada a rikice.

"Kana zuwa ƙauyen magina?" ya tambayi Luján.

"Ban taɓa taka shi ba," in ji Luján.

Washegari Ccori ya hau dutse. Mace ta farko da ya nuna wa tukunyar ta aika shi gidan Mama Fortunata Huallpa. Ya same ta tana ɓare masara.

"Mama, taki ce?"

"Tawa ce mana, ɗana. Mai gidan tarihi ya kawo tsohuwar a kwali, wai in yi irinta don 'yan makaranta su riƙa taɓawa. Ya ce kada in sa alama. To, hannu ya saba, ni ma ban san na sa ba."

A ofis Luján ya ɗan yi gardama, har aka buɗe bayan motarsa. Ga tukunyar ta asali a naɗe cikin bargo. Ya amsa cewa wani baƙo zai sayar wa.

Da aka fito da shi da ankwa, ƙofar gidan tarihin a rufe take. Baba Saturnino ya zaro makulli ya buɗe masa, kamar kullum.

"A sauka lafiya, ranka ya daɗe," ya ce.

Luján bai iya ɗaga ido ba.