Lasifikar Da Ta Faɗo

Sufeto ya tsani ƙarya fiye da yadda ya tsani sata, kuma tun daga ƙofar ɗakin taron ya ji a jikinsa yau za a shayar da shi ita har ya ƙoshi.

Liyafar rana wani kamfani ya yi wa ma'aikatansa. Ana tsaka da cin abinci, wata ƙatuwar lasifika mai girman firji ta ɓallo tare da ƙafarta ta ƙarfe, ta danne wata mata cikin masu raba abinci. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Da Sufeto ya shiga tare da Saje, ya tarar da yayan matar ya ci kwalar wani siririn mutum yana jijjiga shi.

"Ka kashe min ƙanwa! Yara biyu ta bari, wa zai riƙe su? Kai?"

Da ƙyar Saje ya ɓamɓare shi. Siririn mutumin shi ne mai sauti. Ba ma'aikacin kowa ba ne, kayansa ne na kansa, duk inda aka kira shi ya loda a mota ya je.

Manajan ɗakin taron bai ma jira a tambaye shi ba.

"Yallaɓai, maganar a fili take. Kayansa ne, shi ya kafa. Ni tun da aka buɗe ƙofa idona na kan komai, babu mahaluƙin da ya taɓa masa ko waya."

Sufeto ya tsuguna ya duba ƙafar lasifikar. Ƙarfe lafiya lau, ba tsatsa, ba karaya.

"Da me kake danne wannan?" ya tambayi mai sauti.

"Buhunan yashi, ranka ya daɗe," in ji mai sauti. "Wallahi na sa."

"Ina suke?"

Mai sauti ya duba hagu, ya duba dama. Babu ko ɗaya.

"Ka taɓa barin wajen aikinka?"

"Ko nan da can ban je ba."

"To buhunan fiffike suka yi?" Sufeto ya ja tsaki. "Saje, sa shi a mota. Kai kuma Manaja, kada a taɓa ko tsinke a ɗakin nan."

A caji ofis, kafin a gama rubuta bayanin mai sauti, sai ga wakilin kamfanin inshora ya iso da jakarsa, fes da shi kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ko gaisuwar mutuwa bai yi ba.

"Inshorar mai sautin nan ta haɗa kayan aiki da kuma duk wanda kayan suka ji wa rauni," ya ce. "Amma da sharaɗi. In ya kafa ba daidai ba, sai mun duba. In kuwa ya bar kayan babu shi a wurin alhali jama'a na ciki, ko sisi ba ma biya."

Sufeto ba wakilin yake kallo ba. Mai sauti yake kallo, ya ga yadda ya haɗiye yawu ya sunkuyar da kai.

"Saboda haka zan so kwafin bayaninsa," wakilin ya ƙara.

"Mace na kwance a mutuware, kai kana neman kwafi? Tashi ka ba ni wuri, Malam, kafin in manta a ofis nake!"

Washegari da safe suka koma ɗakin taron. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin sabulun goge ƙasa ya doki hancin Sufeto, nan take ransa ya ɓaci. An goge tayil tas, an kwashe tebura.

"Uban wa ya ba da wannan izini?"

Manaja ya fita, aka ce. Sai wata dattijuwa mai shara, tsaye da bokiti.

Sufeto yana zagayawa yana faɗa, sai ya ji takalminsa ya kama ƙasa, ɗaf. Ya ɗaga ƙafa. A kan tayil ɗin akwai sauran danƙo, layi biyu a gicciye, ƙura ta fara mannewa. An ɓare salatif daga wurin. Alamar tana jikin bango, a lungu, inda ba hanyar kowa ba ce. Lasifikar kuwa can gaba ta faɗi, a kan hanyar masu kai abinci.

"Inna, me aka ɓare a nan?"

"Ni ban ga komai ba, ɗana. Shara kawai nake."

Saje ya leƙo daga baya. "Yallaɓai, zo ka gani."

A ɗakin ajiya, bayan tsintsiyoyi, ga buhunan yashi a jibge, an ɗaure bakin kowanne da jan salatif, irin wanda ke jikin duk wayoyin mai sauti.

"Ai sun daɗe a nan," in ji Inna.

"Inna!" Sufeto ya daka mata tsawa, sannan ya tuna da furfurarta ya sassauta. "Kin haife ni, kada ki sa in yi miki rashin kunya. Matar nan tare kuke aiki. Kin san ta ko ba ki san ta ba?"

Sai hawaye. "Ita ke ajiye min abinci kullum. Manaja ne ya ce in ɓare alamar in goge ƙasa, in na yi magana a bakin aikina. Amma na rantse ban ga wanda ya kawo buhunan ba."

Sufeto bai tsaya ko shan ruwa ba, ya sa aka fito da mai sauti daga sel.

"Kana manna alama a inda za ka kafa lasifika?"

"Kullum, ranka ya daɗe."

"An matsar da ita daga kan alamar. An kwashe buhunan. Kai kuma ka ce ko nan da can ba ka je ba. Ke nan a gabanka aka yi kana kallo, ko kuwa kai ka yi. Zaɓi ɗaya, duk biyun gidan yari ne."



Sufeto ya buga tebur har biro ya yi tsalle. "Kai wane irin sakarai ne? Ƙaryarka ita ce bargon da mai laifi ya lulluɓa da shi! Ka fita ko ba ka fita ba?"

"Na fita." Mai sauti ya ɗago kai. "Batirin makirufo ya mutu ana shirin fara jawabi. Na ce wa Manaja zan tsallaka shago in sayo. Ya ce in je, shi zai duba min kayan. Da na dawo ɗaki ya cika, teburina yana can baya, kawunan mutane kawai nake gani. Na ji sautin gefen nan ya ɗan canza, na zaci cikar jama'a ce."

"Me ya hana ka faɗa tun jiya?"

"Yallaɓai, ka ji abin da wakilin ya ce. Na san sharaɗin nan tun ranar da na sa hannu. Ni kaɗai nake aikina, ba ni da kamfani a bayana. In inshora ta zame, diyyar a kaina take. Motar, kayan, har ɗakin da matata da 'ya'yana ke kwana, duk sun tafi."

"In ka sake bayani, kamfanin inshora zai gani. Ba zan ɓoye musu ba."

Mai sauti ya turo masa biro. "Rubuta, ranka ya daɗe. Na gaji."

Mai shagon tsallaken titi ya tabbatar da zancen batir. Da la'asar Sufeto ya tarar da Manaja a ofishinsa, fanka na kaɗawa, yana waya yana dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa tunzura shi. Ya karɓe wayar ya kife ta a tebur, Saje ya dire buhun yashi ɗaya a kan takardun mutumin.

"Jiya ka ce idonka na kan komai, babu wanda ya taɓa kayan."

"Haka ne."

"Mai sauti ya fita sayen batir, ya bar maka amana. A lokacin aka matsar da lasifika, aka ɓoye wannan a ɗakin ajiyarka. In babu wanda ya taɓa, kai kuma kana tsaye, saura wa?"

"Ƙarya yake! Yaushe ya fita?"

"Mai shago ya gan shi. Inna kuma ta gaya min wanda ya sa ta ɓare alamar."

"Tsohuwar nan ai ta rikice."

"Na yarda," in ji Inna daga bakin ƙofa, inda Saje ya tsayar da ita. "Amma ban rikice da muryarka ba, Manaja."

Gumi ya keto masa duk da fankar. Sai kuma ya fashe da faɗa, kamar shi aka zalunta.

"To me zan yi? Baƙi sun ƙaru, manyan kamfanin suna tsaye ba wurin zama! Tebur ɗaya na sa a lungun, ɗan matsarwa kawai na yi. Buhunan nan kuma ƙazamai, a gaban masu ɗaukar hoto? Wa ya san wayar za ta ɗame har ƙafar wani ta ja ta? Ni na ce ta bi ta wurin?"

"Aikinta ne ya ce ta bi," Sufeto ya ce, haƙoransa a cije. "Kai kuma ka kwana lafiya, ka bar wani a sel. Saje, sa masa ankwa."

Aka fito da shi ta gaban ma'aikatansa, babu wanda ya ce masa sannu.

A harabar caji ofis yayan marigayiyar na zaune a kan benci tun safe. Da aka sallami mai sauti, Sufeto da kansa ya yi wa mutumin bayani, bai rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙe ya tsaya gaban mai sauti. Saje ya matso, amma wannan karon yayan bai ɗaga hannu ba.

"Batir?" ya ce. "Nawa ne batirin?"

Mai sauti ya sunkuyar da kai.

"Yaran za su tambaye ni. Ka gaya min abin da zan ce musu."

Sufeto ya juya ya shige ofis, ya bugo ƙofar da ƙarfi.