Maƙwabtan Siririyar Tsirkiya

A wani gari can da, an yi wata yarinya da kawunta ya ba ta jita mai tsirkiya shida. Ita kuwa ɗaya tal take kaɗawa, siririyar ta ƙasa, wai ta fi zaƙin murya.

Kullum kawun yakan ce, "Ɗiyata, ki riƙa gaida maƙwabta mana."

Takan murguɗa baki ta ce, "Kawu, tawa ta ishe ni."

Gobe ma haka, jibi ma haka: tawa ta ishe ni.

Ranar sunan ƙaninta, mata suka cika tsakar gida, aka sa ta kiɗa. Rawa ta yi daɗi ke nan sai tas! Siririyar ta tsinke. Mata suka tsaya cirko-cirko, wata gwaggo har ƙafarta ɗaya na sama.

Yarinya ta dubi kawu. Kawu ya dubi tuwonsa.

Can sai ta tuna yadda yake daidaita muryoyin tsirkiyoyin jitar. Yakan danne tsirkiya ta biyu a gaɓa ta biyar ta wuyan jita, sai ta yi murya sak irin ta siririyar. Ta lallaɓa ta danna wurin, ta kaɗa. Ga muryar nan! Ta matsa gaba, ga muryar da ke biye da ita. Ashe waƙar duk tana gidan maƙwabciya. Gwaggo ta sauke ƙafa, guɗa ta tashi.

Washegari kawu ya kawo sabuwar tsirkiya.

Yarinya ta ce, "Ajiye ta tukuna, Kawu. Saura gida huɗu ban gaishe su ba."